Yadda zaka zaga Limone sul Garda ka gane tarihin garin, ba hoto kawai ba

Duk lokacin zafi sai na riƙa ganin hotunan mutanenmu mazauna Italiya, musamman na wajen Brescia da Verona, an je bakin tafkin Garda an tsaya an sha tabarau, a bayan mutum ga wasu dogayen ginshiƙai farare jere a jikin dutse kamar an fara gini kuɗi ya ƙare, kuma in ka tambayi mai hoton wai menene wannan a bayanka sai yace maka ai wani tsohon kango ne. Abin yana min ciwo wallahi, don waɗannan ginshiƙan sune tarihin garin gaba ɗaya. Shi yasa nace bari in zauna in rubuta yadda ya kamata mutum ya shiga Limone, daga ina zai fara, me zai duba, ko da wuni ɗaya ne kawai yake da shi.

Garin ƙarami ne, mutanensa dubu ɗaya da 'yan kai, yana lardin Brescia a jihar Lombardiya, can ƙuryar arewa ta gaɓar yamma ta tafkin Garda wanda shine tafki mafi girma a Italiya. Daga nan zuwa Riva del Garda kamar kilomita 10 ne.

Abu na farko, kuma dan Allah kar ka raina shi: ka shiga garin ta ruwa. Na san bas ya fi sauƙi, akwai masu tasowa daga Brescia da Desenzano su biyo ta Salò da Gargnano, kuma mai mota zai ce ai ga titi nan lafiyayye. Amma in da hali ka sauka a Riva ko ka zagaya ta Malcesine da ke tsallaken tafkin ka yanki tikitin jirgin ruwa, daga Malcesine wajen minti 20 ne. Dalilina shine, har zuwa 1931 babu titin mota da ya shiga Limone. Duk wanda zai shigo ko zai fita, ko dai kwale-kwale ko kuma ya hau 'yar siririyar hanyar alfadarai a cikin duwatsu. Idan jirgi ya doso garin ka fito waje ka tsaya gefen ƙarfe ka duba da kyau, zaka ga dutse ya miƙe tsaye kamar katanga a bayan gidajen, ruwa kuma yana gaba, garin a matse tsakaninsu kamar an cusa shi da hannu, babu filin da za a ce ga gonar hatsi ta kirki. Wanda ya shigo ta titi ya faka a gidan ajiye motoci na sama ba zai taɓa ganin wannan ba, kuma wanda bai ga wannan ba sauran labarin ba zai shige shi ba, don duk abin da zan faɗa a ƙasa daga wannan matsin ya fito. Ka riƙe hula, iskar tafkin ba ta wasa. Da safe akwai wadda ke busowa daga arewa suna ce mata Pelèr, da rana kuma ta juya ta taso daga kudu suna ce mata Ora, kuma da waɗannan iskoki biyu jiragen filafilai na da suke tsara tafiyarsu, su gangara kudu da kaya da safe su dawo da yamma.

Sunan ma yana ruɗar mutane. Limone da Italiyanci lemun tsami ne, irin manyan nan masu ruwan ɗorawa, to kowa sai ya ɗauka daga nan sunan ya fito. Masu tarihi sun fi karkata ga cewa sunan ya girmi lemun, yawanci suna danganta shi da kalmar Latin limen, wato iyaka. Kuma garin iyaka ne da gaske. Ya daɗe ƙarƙashin daular Venis tun daga 1426 har ta rushe a 1797, bayan zamanin Napoleon Ostiriya ta mulki yankin, daga 1859 kuma da Lombardiya ta fita hannun Ostiriya sai boda ta zama nan bakin garin, Riva tana Ostiriya Limone tana wannan ɓangaren, haka aka zauna har ƙarshen yaƙin duniya na ɗaya a 1918. Inda boda take kuwa ka san akwai kwastan akwai 'yan fasa-ƙwauri, nan ma an yi. An taɓa kiran garin Limone San Giovanni, a 1904 ne ya koma Limone sul Garda.

Toh, ka sauka daga jirgi. Kar ka tsaya a shagunan bakin ruwa, zaka dawo musu. Ka duba ƙasa da jikin bango, akwai 'yan tayil-tayil masu zanen lemo da aka manna a hanya, ka bi su, zasu hau da kai lungu-lungu har Limonaia del Castèl. Hawa ne sosai da matakala, takalmi mai tsini ko silifas mai santsi ba nasu bane. Kuɗin shiga 'yan euro kaɗan ne. Nan ne nake so ka kashe mafi yawan lokacinka, awa ɗaya da rabi ma bai yi yawa ba.

Limonaia gidan lemo ne, gida na gaske da aka gina wa bishiya. Ka san lemun tsami ɗan ƙasar zafi ne, nan kuwa gindin tsaunukan Alps ne, ruwan tafkin yana rage kaifin sanyi amma dare ɗaya na daskarewa ya isa ya kashe bishiyar da aka yi shekara talatin ana reno. Ana ce 'yan ɗariƙar Katolika ta Faransiskan na Gargnano ne suka fara kawo lemo yankin tun ƙarni na 13, amma gina waɗannan manyan gidajen ya kankama ne daga ƙarni na 17 ya bunƙasa a na 18, lokacin da masu kuɗi irin gidan Bettoni suka zuba jari. Ita wannan ta Castèl tun farkon ƙarni na 18 take. Ga abin da zaka duba da idonka. Na farko katanga mai kauri da tsawo a baya da gefe biyu, tana tare iskar arewa, gaban kuma a buɗe yana kallon rana. Sai hawa-hawan da aka sassaƙa a jikin dutse, kowanne kamar bene, suna kiransu còle, bishiyoyin a ƙasa aka shuka su ba a tukunya ba. Sai ginshiƙan nan da kake gani a hoto, na dutse, wasu sun kusa mita 10, da itatuwa gicciye a samansu. Ginshiƙan ba rufi ne ya zube ya barsu ba, haka aka yi su. Da zafi a buɗe suke bishiya ta sha rana, wajen Nuwamba sai ma'aikata su hau su rufe saman da katako, gaban kuma su jera katakai da tagogin gilashi, su toshe duk wata kafa da busasshiyar ciyawa, gini guda ya koma ɗaki. Wajen Maris a sake kwance komai ɗaya bayan ɗaya a adana a wani ɗakin ajiya da ke jiki mai suna casèl. Duk shekara haka, da hannu, a kan tsani, a bakin gangare.

Abin da ya fi tsaya min a rai shine kwanon ruwa. Ma'aikacin lambu zai ajiye kwano da ruwa a ciki kusa da bishiyoyin a daren sanyi, ya riƙa tashi yana leƙawa, da ya ga saman ruwan ya fara kama ƙanƙara sai ya hura wuta a tsakanin bishiyoyin ya kwana yana ƙara itace har gari ya waye. Ka tsaya a hawa na sama ka ɗan yi shiru ka kwatanta mutumin nan a cikin hayaƙi da duhu, lemun ma ba nasa bane na maigida ne. Ka kuma nemi 'yan magudanan ruwa da aka sassaƙa a jikin katanga, siririya kamar faɗin tafin hannu, da su ake janyo ruwan rafin San Giovanni ana raba wa kowane hawa, duk wanda ya taɓa noman rani zai gane dabarar nan take ba sai an masa bayani ba.

Me yasa duk wannan wahalar? Kasuwa. Lemun Garda ya fi na kudancin Italiya kusa da Jamus da Poland da Rasha, fatarsa ba kauri kuma yana jure tafiya, ana tsinka a ware shi girma-girma a naɗe a takarda a jera a akwatin katako a ɗora a jirgin ruwa zuwa arewacin tafkin, daga can ya haura duwatsu. A 1840 masu lambuna suka kafa ƙungiyar sayarwa a Gargnano mai suna Società Lago di Garda. Sai masifu suka biyo juna. A 1855 wata cuta ta shigo wadda ke sa bishiya ta riƙa zubar da ƙaro daga jikinta har ta bushe. Bayan haɗe Italiya a 1861 da zuwan jirgin ƙasa, lemun Sisili wanda ba ya buƙatar katako ko wuta ya cika kasuwa da arha. Aka kuma koyi haɗa sinadarin tsamin a masana'anta. Yaƙin duniya na ɗaya ya zo, garin yana bakin daga, aka kwashe mutanensa, sojoji suka kwashi katakan rufin lambuna suka yi amfani da su, sannan sanyin 1928 zuwa 1929 ya ƙarasa abin da ya saura. Ƙaramar hukumar garin ce ta sayi ta Castèl a 1995 ta gyara ta sake shuka, aka buɗe wa jama'a a 2004. Yanzu ba lemun tsami kaɗai bane a ciki, akwai danginsa iri-iri, har da wani ƙato mai kaurin ɓawo da suke ce wa cedro. Kar ka tsinka, ko ya faɗo ƙasa ka barshi.

Daga nan ka gangaro cikin tsohon gari ka ɗan ɓata da gangan. Lungunan matsattsu ne, wasu suna bi ta ƙarƙashin gidaje kamar zaure, lambar kowane gida a kan tayil mai zanen lemo. Babbar cocin garin San Benedetto an gina ta a 1691. Akwai 'yar ƙarama ta San Rocco ta ƙarni na 16 a maƙale a jikin dutse ta arewa, ko ba zaka shiga ba ka hau matakalarta don daga nan ake ganin rufin garin duka da tsohuwar tashar kwale-kwale. In zaka shiga ka shiga da ladabi da suturar kirki kamar yadda kake so a yi wa naka wurin ibadar, in kuma ranka bai kwanta ba ka tsaya a waje, ba wanda zai ce maka komai. Wadda ta fi su tsufa San Pietro in Oliveto tana can cikin gonakin zaitun a wajen gari, ana kai asalinta ƙarni na 9. Akwai kuma ɗan gidan tarihin masunta a lambun Villa Boghi, raga da kwale-kwale da kayan aiki, minti 20 ya isa.

Maganar ciki. Kifi ne abincin garin tun asali, shi da man zaitun. Ka nemi lavarello ko trota gasasshe. Akwai wani kifi carpione da babu shi ko'ina a duniya sai tafkin Garda, amma ya yi ƙaranci sosai yanzu, kar ka sa rai. Musulmi ya riƙe kalmomi biyu, senza maiale wato banda alade, senza vino wato banda giya, don sukan zuba giya a miyar kifi da shinkafa ba tare da sun ɗauka wani abu bane. Kuma kwalaben nan masu kyau ruwan ɗorawa da ke cike da shaguna, limoncello, giya ce mai ƙarfi, na sha ganin an kusa saya a matsayin tsaraba ana zaton lemun kwalba ne. Ka sayi man zaitun ko jam ɗin lemo ko sabulu, amma ka juya bayan kwalbar ka karanta inda aka yi, don ba duk lemun da ke shagunan ne ɗan garin ba. Ka zo da sallayarka, can sama cikin zaitun akwai wuri shiru.

Bayan azahar sai ka hau Tesöl, tafiyar ƙafa ce mai hawa kamar rabin awa daga bakin ruwa. Nan ne wurin da yake da alaƙa da nahiyarmu kai tsaye, kuma yawancin masu zuwa basu ma san da shi ba. A wani ɗan gida da ke jikin wata limonaia aka haifi Daniele Comboni ranar 15 ga Maris 1831. Mahaifinsa irin ma'aikatan lambun nan ne masu gadin kwanon ruwa, 'ya'ya takwas suka haifa shi kaɗai ya rayu ya girma. Ya yi karatu a Verona, ya zama fada a 1854, a 1857 ya kama hanyar Sudan, ta Masar ta kogin Nilu ta hamada a kan raƙumi, ya isa Khartoum a farkon 1858. Zazzaɓi ya kashe abokan tafiyarsa da dama, shi ma ya dawo da kyar, amma ya koma. A 1864 ya rubuta tsarinsa wanda jigonsa shine 'yan Afirka ne da kansu zasu yi aikin Afirka, ya yi faɗa da cinikin bayi, ya buɗe tashar mishan a El Obeid wadda alhazanmu na ƙafa suka sani a hanyar Makka, ya zama bishop a 1877, ya rasu a Khartoum ranar 10 ga Oktoba 1881, shekarar da Mahdi ya fara yunƙurinsa. Fafaroma John Paul na biyu ya ayyana shi waliyyi a cocin Katolika a 2003. Ɗan mishan ne, yaɗa addininsa ya kai shi, wannan ba a ɓoye yake ba kuma bai kamata a ɓoye ba. Amma ka tambayi duk Bahaushen Sudan sunan Comboni, zai ce maka makaranta, don kwalejin Comboni ta Khartoum da aka kafa a 1929 ta yaye Musulmi da Kirista masu yawa. Ka shiga ɗakin girkin gidan ka ga ƙanƙantarsa da murhun da kayan katako, sannan ka leƙa ta waje ka ga tafkin da yake kusan shine kaɗai ƙofar fita, ni dai a nan na daɗe a tsaye. 'Yan ƙungiyarsa ne ke kula da wurin har yanzu.

Akwai gado ɗaya na garin da ba zaka iya ɗaukarsa a waya ba, yana cikin jinin mutane. A shekarun 1970 wani ma'aikacin jirgin ƙasa ɗan asalin Limone ya je asibiti a Milan, likitoci suka ga kitsen jininsa ya yi yawa, nau'in kolestarol mai kariya kuma ya yi ƙasa ƙwarai, irin sakamakon da ake tsammanin jijiyoyi sun toshe, amma jijiyoyinsa garau. Farfesa Cesare Sirtori na Jami'ar Milan da abokan aikinsa suka bi diddigi suka gano wani furotin da ya ɗan sauya a jininsa, suka sa masa suna ApoA-1 Milano, aka wallafa a 1980. Aka zo aka gwada jinin mutanen garin kusan duka aka samu kimanin 40 masu irinsa, da aka buɗe tsofaffin rajistar haihuwa da aure na coci sai aka ga duk kakansu ɗaya. Garin da ba titi, aure a cikin gida ake yi, haka abin ya tsaya a wuri ɗaya yana bin zuriya. Zaka ji masu talla suna cewa garin tsawon rai ne saboda lemo da zaitun, kar ka hau, gado ne na wasu 'yan gidaje, kuma duk da kamfanonin magani sun zuba kuɗi mai yawa har yau bai zama maganin da ake saya a kemis ba. Dan Allah kuma kar ka tare tsoho a hanya kana tambayarsa ko yana da jinin, sun gaji da wannan.

In ƙafarka ta saura da ƙarfi, ka nufi arewa ta bakin ruwa zuwa Capo Reamol. A 2018 aka buɗe wata hanyar keke da ƙafa da aka rataye a jikin dutse, kimanin kilomita 2, mita 50 ko kusa sama da ruwa, kyauta ce, tana ƙarewa daidai iyakar Lombardiya da Trentino wato tsohuwar bodar Ostiriya. Kowa kallon ƙasa yake yana hoto, kai ka riƙa juyawa kana kallon titin Gardesana da ke gefenka yana shiga rami yana fita. Shine titin 1931, an fasa dutsen da nakiya da hannun leburori, kuma shi ya juya garin masunta da masu lambu ya koma garin otal-otal, yanzu Jamusawa ne suka fi cika shi.

Lokacin zuwa: Yuli da Agusta cunkoso ne ba ka ma iya tsayawa ka kalli bango, daga Nuwamba zuwa Maris kuma yawancin otal da shaguna a rufe suke, jiragen ruwa ma sun ragu sosai. Afrilu, Mayu, ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba sun fi. Ka duba ranaku da awannin buɗe limonaia kafin ka taso, kuma da ka sauka da safe ka ɗauki hoton allon jadawalin jirgi a tasha, don na ƙarshe yana tashi da wuri fiye da yadda kake zato, in ya wuce ka sai bas ta cikin ramuka. In ka samu jirgin yamma ka zauna ta baya, yana ja da baya daga gaɓa zaka iya ƙirga tsofaffin limonaia da ba a gyara ba a jikin dutsen hagu da dama, ginshiƙai tsaye ba katako ba gilashi, wasu zaitun ya fito a tsakiyarsu.